Yadda ake kwance bol ɗin tof na injin mota, a canza su, a ɗaure su daidai

Sau da yawa za ka ga an sa wa mota sabon gasket na tof, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin tof (kan injin da ke rufe silinda) da bulok (gangar jikin injin), ba a rufa wata biyu ba ta dawo gareji tana shan ruwa, lagireto na tafasa, baƙin mai ya yi fari-fari. Sai a ɗora wa gasket laifi, a ce jabu ne. Wani lokaci haka ɗin ne, amma galibi a wajen ɗauri aka yi ɓarnar. Ko dai an mayar da tsofaffin bol da suka riga suka miƙe, ko an bar ruwa a cikin rami, ko kuma an ɗaure da dogon bututu da ƙarfin damtse ba tare da awo ba.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, idan aka ɗaure bol ɗin tof miƙewa yake yi kaɗan, kuma yunƙurinsa na komawa tsawonsa na asali shi ne ke matse tof a kan bulok, ya danne gasket. Ƙarfin da kake sawa a sufana kuwa, kusan kashi tara cikin goma yana ƙarewa ne wajen gogayyar zare da ta ƙarƙashin kan bol. Ɗan abin da ya rage ne ke miƙa ƙarfen. Don haka datti kaɗan a zare ya isa ya sa sufana ta nuna maka an kai, alhali gasket bai matsu ba.

Kayan da za ka tanada

Na farko, littafin gyaran injin da ke gabanka, ko aƙalla shafin da ke ɗauke da lambobin ɗauri da jerin bol. Nemi lambar injin a jikin bulok, kada ka dogara da sunan mota kawai, domin mota ɗaya tana zuwa da injuna daban-daban.

Sai tok-renci, wato sufanar da ke auna ƙarfin ɗauri, wadda ke kai wa daga 20 zuwa 200 Nm (Niyuton-mita, ma'aunin ƙarfin ɗauri) ko makamancin haka. Sai doguwar sandar soket mai ƙarfi ta kwancewa, da ma'aunin digiri idan akwai, da fenti ko maka fara. Soket ɗin dole ya zama na kan bol ɗin daidai. Da yawa daga bol ɗin tof na yanzu masu haƙora goma sha biyu ne, wasu kuma masu tauraro, kuma idan ka cusa wanda bai zauna ba, ka cinye kan bol a cikin tof inda ba abin da zai kama shi.

Za ka buƙaci sabon saitin bol da washarsu, sabon gasket na tof, gasket na murfin bawul da na manifol, miƙaƙƙen ƙarfen gwada fuska, fila-geji (siraran ƙarafan auna tazara), kalifa (ma'aunin kauri da tsawo), abin kankare gasket na roba ko na katako, kalanzir ko fetur na wanki, tsumma mai tsabta marar gashi, iska ta kwamfireso, sabon baƙin mai da fita (matatar mai), da ruwan lagireto na gaske. Ka kuma samo kwali ka huda ramuka goma, ka rubuta "gaba" a gefe ɗaya.

A kan sayen bol, kada ka yi rowa. Bol ɗin tof ba irin wanda ake tsinta a tire ba ne. Ƙarfensa mai daraja ne, tsawonsa da tsawon zarensa kuma an yi su ne don injin guda. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za a iya miƙo maka na Beljiyam da aka kwance daga wani injin, fes da su, amma ba ka san sau nawa aka ja su ba. Tafi da tsoho ɗaya a hannunka, ka jera shi da sabon, ka duba tsawo, kauri, tazarar zare da faɗin ƙarƙashin kai.

1. Bari injin ya huce sarai

Kada ka taɓa bol ɗin tof injin na da ɗumi. Tof na alminiyam idan aka sake shi da zafi yana iya lanƙwashewa, zaren bulok kuma ya fi saurin fita. Motar da aka kawo da yamma, a bar ta sai da safe. Cire kan batir na nagatif, ka zubar da ruwan lagireto, kuma idan bulok ɗin yana da wurin zubar da ruwa a jikinsa, buɗe shi ma. In ba haka ba, kana ɗaga tof ruwa zai kwarara cikin silinda da ramukan bol.

2. Saita tayimin kafin ka kwance komai

Juya injin da hannu ta bol ɗin fulin ƙasa har fistin na ɗaya ya zo sama, alamomin kamshaf su zauna a mazauninsu. Ɗauki hoto da waya, ka kuma sa fenti a bel ko cen da haƙorin da yake kai. Daga nan ka cire abin da ya tare hanya: manifol biyu, wayoyi, tiyo, murfin bawul, tayimin. A wasu injuna, kamar 1ZZ-FE na Corolla, sai ka fitar da kamshaf biyun kafin soket ya isa ga bol ɗin tof. Murafan kamshaf suna da lamba da kibiya, ka jera su yadda suka fito.

3. Kwancewa: daga waje zuwa tsakiya

Ana kwancewa ne a kishiyar jerin ɗauri. Fara da bol na ƙarshen kusurwa, ka tsallaka zuwa kusurwar da ke fuskantarta, haka har ka ƙare a na tsakiya. A zagayen farko kwata ɗin juyi kawai za ka sassauta kowanne, a na biyu rabi, a na uku ne za ka fitar da su. Idan ka zare guda gaba ɗaya sauran na ɗaure, nauyin ya koma kan maƙwabtansa, tof ya murɗe.

Tsotse man da ya taru a kan bol kafin ka sa soket, ka buga shi a hankali ya zauna har ƙasa. Yi amfani da sandar kwancewa, ba tok-renci ba, domin kwancewa da ita na lalata awonta. Kula da yadda kowane bol ya saki. Mai lafiya yana yin ƙara "ƙas" sannan ya saki. Wanda ya zo da sauƙi ba turjiya, sa masa alama, ka duba zarensa da kyau. Idan ka ga zaren alminiyam ya nannaɗe a jikinsa, zaren bulok ne ya biyo shi, kuma aikinka ya ƙaru.

Soka kowane bol a raminsa na kwali tare da washarsa. A wasu injuna tsawon bol ɗin ba ɗaya ba ne. Ƙirga washa kafin ka ɗaga tof, domin wadda ta faɗa ramin komawar mai sai an kwance kaskon ƙasa.

Idan tof ya manne, buga gefensa da gudumar roba. Kada ka cusa sukudireba tsakaninsa da bulok. In ya ƙi, kusan ko yaushe akwai wani ƙaramin bol ko birakit da aka manta.

Masu aiki a kan tsofaffin Peugeot 504 da 505 da aka haɗa a Kaduna su lura: silif ɗin silindarsu, wato bututun da fistin ke yawo a ciki, zarewa yake yi, ruwa na zagaye shi kai tsaye. Ba a ɗaga tof ɗinsu sama tsaye, girgiza shi ake yi gefe har ya rabu da gasket, don kada ya ɗago silif ya karya hatimin ƙasa. Da zarar tof ya sauka, danne silif ɗin da manyan washa da guntun bututu da tsofaffin bol, kuma kada a juya injin kafin a yi haka.

4. Shin tsofaffin bol za su koma?

Bol ɗin tof iri biyu ne. Akwai na tsofaffin injuna da ake ɗaurewa da lambar Nm kawai. Waɗannan suna miƙewa su dawo, kuma in suna da lafiya ana mayar da su. Akwai kuma waɗanda littafi ke cewa a ɗaure zuwa lamba kaza, sannan a ƙara digiri kaza. Yawancin waɗannan ana jan su ne har su shiga miƙewar da ba ta dawowa. Volkswagen ta ce a canza nata duk lokacin da aka kwance. Toyota kuwa a injuna da dama tana ba da iyakar tsawo ko ta kauri, a auna da kalifa, wanda ya wuce iyaka a jefar.

Idan ba ka da kalifa, jera tsohon da sabo a kan tebur mai shafe ka ga bambancin tsawo. Ɗora gefen rula a kan zaren ka ɗaga wa haske. In ka ga haske ya fi yawa a wani wuri, nan bol ɗin ya sirance. Ko ka murɗa noti mai kyau da yatsu tun daga baki har ƙarshen zare, inda ya cije nan ne zaren ya buɗe. Tsatsa da ta ci rami a jiki, lanƙwasa ko kai da ya cinye, duk na jefarwa ne.

Shawarata ita ce, injin da ya yi zafi har ya ƙona gasket a canza masa saitin duka, ko da awo ya nuna suna cikin iyaka. Kuɗin bol goma bai kai rabin wahalar sake buɗe injin ba. Kuma ba a haɗa sabo da tsoho a tof ɗaya.

5. Ramukan bol

Nan ne aka fi yin sakaci, nan ne kuma aikin yake. Yawancin ramukan nan toshe suke a ƙasa. Ruwa ko mai da ya kwanta a ciki ba ya matsuwa. Bol na sauka zai tokare shi, tok-renci ta yi ƙara tun ba a matse gasket ba, in kuma ka ci gaba da ja, bulok na iya tsagewa daga ciki, tsagewar da ba a gani sai ruwa ya fara haɗuwa da mai.

Rufe silinda da tsumma, ka busa kowane rami da iska, ka tare bakinsa da wani tsumman don kada datti ya fantsamo maka a ido. In babu kwamfireso, sirinji da siririn tiyo na tsotse ruwan, sannan ka nannaɗa tsumma a waya ka goge har ta fito a bushe. Famfon keke ma yana taimakawa. Haska tocila ka ga ƙasan ramin da idonka.

Don share zaren, ɗauki tsohon bol ɗaya ka yanka masa tsagi biyu ko uku a tsaye a kan zaren da zarton ƙarfe, ka goge kaifin da burushin waya. Murɗa shi ciki da waje, datti zai taru a tsagin, ka wanke ka maimaita. Wannan ya fi taf ɗin yanka zare aminci, domin taf yana cin ƙarfe, ya bar ramin da sako-sako. Gwajin ƙarshe shi ne sabon bol ya shiga da yatsu kawai har zurfin da zai kai, ba cijewa.

6. Fuskar tof da ta bulok

Kankare ragowar gasket da abin roba, ka wanke da fetur, ka bushe. Kada ka sa sanfefa mai kaushi ko burushin injin a fuskar alminiyam. Yana barin kwari da ido ba ya gani, kuma gasket na zamani mai ƙarfe hawa-hawa ba ya cike irin wannan kwarin. Ƙurar sanfefa kuma in ta shiga hanyar mai, metal take ci, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu.

Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsawon fuskar, da faɗinta, da kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, kana gwada cusa fila-geji a ƙarƙashi, musamman tsakanin silinda ta biyu da ta uku inda zafi ya fi taruwa. Iyakar 1ZZ-FE milimita 0.05 ce, ta injin Golf 3 kuma 0.1. In ya wuce, ɗauri ba zai miƙe shi ba, sai a kai wa masu injin goge fuska. Ka tambaye su nawa suka cire, ka kuma duba ko an taɓa goge shi a baya, don tof yana da iyakar kaurin da ba a sauka ƙasa da shi. In ba ka da ƙarfen gwaji na gaske, kada ka yarda da rular makaranta, kai musu su gwada, su kuma duba tsagewa.

7. Ɗora gasket da tof

Tabbatar ƙananan turakun saiti biyu suna zaune a bulok. Gasket yana da sama da ƙasa, gaba da baya. Nemi rubutun da ke jikinsa, yawanci lambar kaya ko kalmar da ke nuna sama, ka kuma duba ramin mai da ke hawa zuwa kamshaf ya dace da na bulok. Gasket da aka kifa yana iya zama daram a turaku amma ya toshe wannan ramin. A bushe ake sa shi, ba gam, ba giris, ba fenti, sai a ɗan wurin da littafi ya ambata, kamar mahaɗar murfin tayimin. A injunan gas (dizal) da yawa gasket kauri-kauri ne, ana gane shi da yawan huji ko tsagin da ke gefe, ka sayi daidai da wanda ka cire in ba a taɓa fistin ko fuskar bulok ba.

Idan za ka ɗora tof da kamshaf a jikinsa, tabbatar yana kan alamarsa, don kada buɗaɗɗen bawul ya sauka kan fistin. Mutum biyu su ɗauka, su sauke shi tsaye a kan turaku, ba ja a kan gasket.

8. Mai a zare

Bi abin da littafi ya ce. Toyota na son a shafa baƙin mai kaɗan a zare da ƙarƙashin kan bol. Kaɗan ɗin nan shafawa ce da yatsa, ba tsomawa a gwangwani ba, in ba haka ba ka mayar da ruwan da ka sha wahalar fitarwa daga rami. Wasu bol ɗin kuma suna zuwa da nasu shafin daga kamfani, ba a ƙara musu komai. Giris ko wani mai daban yana rage gogayya fiye da lissafi, sai bol ya ja fiye da kima a lamba ɗaya. Sa washa, ka zura bol a hankali, kada ka sake shi ya faɗa, ka murɗa duka da hannu har su taɓa.

9. Ɗauri: daga tsakiya zuwa waje, hawa-hawa

Dalilin farawa daga tsakiya shi ne a shimfiɗe gasket zuwa gefe-gefe, kada ya tattare. Ga misalin jeri da aka saba gani a injin silinda huɗu mai bol goma, amma na littafinka shi ne gaba:

10 – 4 – 2 – 6 – 8
7 – 5 – 1 – 3 – 9

A 1ZZ-FE ana kai wa 49 Nm, sannan a ƙara digiri 90. Kada ka tafi 49 kai tsaye. Zagaya da 25, sannan 40, sannan 49, ka sake bin jerin sau ɗaya a 49, domin na tsakiya sukan saki bayan an ɗaure na gefe. A injin fetur 1.8 na Golf 3 kuwa 40 Nm ne, sai 60 Nm, sai digiri 90, sai wani 90. Ka ga injuna biyu masu girma ɗaya amma ɗaurinsu ya sha bamban, don haka ba a aron lambar wani injin.

Duba ma'aunin da ke jikin sufanarka. Lamba 49 Nm daidai take da 36 ft-lb (awon fam da ƙafa), ko kilogiram-mita 5. Wanda ya saita 49 a layin ft-lb ya ɗaure kusan 66 Nm ke nan tun kafin ya ƙara digiri. Riƙe sufana a mariƙinta, ka ja a hankali ba fizga, tana yin ƙara ka tsaya. Ba a ƙara mata bututu, ba a sake dannawa nan take don tabbatarwa.

In babu tok-renci, aro ya fi. In ya gagara, sikelin rataye mai kyau zai fitar da kai. Auna rabin mita daga tsakiyar soket a jikin sanda, ka maƙala ƙugiyar sikeli a nan, ka ja shi a gicciye daidai da sandar. Kilo 10 a rabin mita shi ne 49 Nm, kilo 8 da ɗan ɗoriya 40 ne, kilo 12 da kwata kuma 60. Gwada sikelin tukuna da abin da ka san nauyinsa.

Matakin digiri da sandar kwancewa ake yi. Ɗiga fenti a kan kowane bol ta ɓangaren gaban injin, duka su fuskanci wuri ɗaya. Juya kowanne kwata ɗin zagaye a ja ɗaya marar tsayawa, bisa jeri. In ka gama, duk ɗigon goma su kalli gefe guda, wanda aka tsallake nan take zai nuna kansa. Wannan alamar tana ceton aiki idan aka kira ka a tsakiyar ɗauri. Inda aka ce 90 sau biyu, gama zagayen farko a kan bol goma kafin ka fara na biyu. Ga bol mai tazarar zare milimita 1.5, kwata ɗin juyi yana saukar da shi milimita 0.375, ko zaren na da santsi ko babu, shi ya sa ɗaurin digiri ya fi daidaito.

A ƙarshen juyi za ka iya jin nauyin ya daina ƙaruwa, wannan ba matsala ba ce a irin waɗannan bol. Amma in ka ji ya saki gaba ɗaya, sanda ta tafi salin-alin, tsaya. Ko zare ya fita, ko bol na shirin tsinkewa. In kuma ka zarce digirin da aka ce, kada ka dawo da shi baya ka bari, canza wannan bol ɗin.

Idan zare ya mutu ko bol ya karye

Injin 2AZ-FE na Camry 2002 zuwa 2006 ya yi suna a kan wannan. Zaren bol uku na tsakiya a layin baya, ɓangaren manifol na shigar iska, yakan fita daga bulok ɗin alminiyam, ruwa ya riƙa tsiyaya ta bayan injin. Gyaran shi ne a faɗaɗa ramin a dasa sabon zare na ƙarfe. Dasashshen bututu mai zare ciki da waje, irin Time-Sert, ya fi riƙe ɗaurin tof a alminiyam. Dole a yi hujin da farantin saiti don ya tafi tsaye, a kuma dasa shi a zurfin asalin zaren. In aka dasa shi sama-sama, bol ba zai sami tsawon miƙewa ba. Tunda an buɗe, a duba sauran ramukan duka. Gam, ko cusa bol mai kauri da ƙarfi, ba gyara ba ne.

Bol da ya karye ya bar guntu a waje, a ɗora masa noti a yi walda ta ciki, a bari ya huce, a juya. In ya karye a can ciki, kai bulok ɗin wurin masu injin huji, domin hujin hannu da ya karkace ya kashe ramin.

Canza bol ba tare da ɗaga tof ba

Ana yi, in gasket lafiyarsa ƙalau, misali an gano an mayar da tsofaffin bol a aikin da bai daɗe ba. Injin a sanyi, a zubar da ruwa, a cire bol ɗaya tak, a busar da raminsa, a sa sabo a kai shi cikakken ɗauri, sannan a matsa na gaba bisa jeri. Gasket da ya riga ya ƙone kuwa, sabon bol ko ƙarin ɗauri ba ya tashinsa.

10. Tayarwa da bin sawu

Mayar da tayimin, ka juya injin da hannu zagaye biyu, ka ga alamomi sun dawo kuma ba abin da ya tokare. Canza mai da fita. Zuba ruwan lagireto, ka buɗe hita, ka fitar da iska har fanka ta tashi ta tsaya. Kumfa da ke fitowa ba ƙaƙƙautawa a bakin lagireto alama ce ta matsala. Nemo kuma abin da ya ƙona gasket na farko, ko fanka, ko murfin lagireto da ba ya riƙe iska, ko famfon ruwa, ko tamostat da aka cire aka jefar, ko lagireto da ruwan rijiya ya toshe.

Bol ɗin digiri ba a sake taɓa su bayan an gama. Tsofaffin injuna masu ɗaurin Nm kawai ne littafinsu kan ce a sake bi bayan injin ya yi zafi ya huce, ko bayan tafiyar wajen kilomita 1,000. A nan ana sassauta bol ɗaya kwata ɗin juyi, a mayar da shi lambarsa, sannan a je na gaba bisa jeri. In injin mai tafet ɗin saiti ne, sake saita tazarar bawul bayan haka, domin tof ya ɗan ƙara sauka.